Zazzaɓin Gado na Bahar Rum

Jama'a, yau za mu yi magana a kan wani ciwo na mutanen bakin Bahar Rum, watau Turkawa da Larabawa da Armeniyawa da Yahudawa. Gadonsa a kan yi, galibi daga uwa da uba. Zazzaɓi ya kan zo ya yi kwana ɗaya zuwa uku, ya tafi, ya komo. Ciki ya yi ciwo, gwiwa ko idon sawu ya kumbura, ƙafafu su yi tsami bayan tafiya.

A 1972 likitoci suka gane ƙwayar kolcisin tana tare shi. Kullum a ke shanta, ko ana lafiya, gama ita ke tsare ƙoda. In gaɓa ta kumbura, sai a huta, a sha maganin rage zafi. In tsamin nama ya yi makonni, likita ya kan ƙara da sitiroyid.

To, mu a ƙasarmu ciwon gado mai kama da wannan shi ne amosanin jini, amma maganinsu dabam. Yaron da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi ke komo masa, kada mu tsaya kan ƙaho da tsaga. Mu kai shi asibiti a auna jininsa.