Kabewarki Na Zubar da 'Ya'ya?



Uwargida, kin shuka kabewa a bayan ɗaki, ta yi yaɗo har kan katanga, amma 'ya'yan sai su yanƙwane su zube? To, ba kambun baka ba ne. Furen kabewa iri biyu ne: macen tana da ɗan ƙwallo a gindinta, namijin kuwa babu. Ƙudan zuma ke haɗa su, ga shi a cikin gari sun yi ƙaranci.

Da sassafe, kafin furen ya rufe, ki tsinko namijin, ki ɓare shi, ki goga garin nan mai ruwan ɗorawa a tsakiyar macen. In Allah Ya yarda, bana ba ki aika yaro sayen kabewar miyar taushe.

Sai mako mai zuwa.