Daga Alƙalamin Kara zuwa Allon Waya: Makomar Haruffanmu
(Laccar da aka gabatar a Tishigu, Tamale)

 

Maganata a yau kan haruffa ce, da yadda za su shiga na'ura ba tare da sun bar kamanninsu a ƙofa ba.

Rubutu ba baƙo ba ne a wannan ƙasa ta Ghana. Fataken goro da suka bi hanyar Gwanja zuwa Salaga sun zo da allo da tawada cikin kayansu. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar 1892 ya koma Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934. Ya bar waƙoƙi da tarihi da Larabci da Hausar ajami. A nan Tamale kuma, Afa Ajura, wanda ya kafa makarantar Anbariya, ya rubuta waƙoƙin wa'azi da Dagbanci cikin haruffan Larabci. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta tattara ɗaruruwan irin waɗannan takardu.

Ajaminmu yana da nasa hannu. Ya bi ruwayar Warshu: fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, ga yamala mai ba da sautin "e". Da kwamfuta ta zo, sai ta zo da rubutun Gabas, na Masar da Sham. Almajirin da ya tashi da allo ya duba, ya ga ba hannun malaminsa ba ne. Boko ma bai tsira ba. Ɓ, ɗ da ƙ na Hausa, waɗanda suka kafu a shekarun 1930, da ɛ, ɔ, ŋ, ɣ da ʒ na Dagbanci, sun daɗe suna fitowa a matsayin akwatuna marasa komai.

Don ganin yadda wasu suka shawo kan irin wannan matsala, mu leƙa ƙasar Tailan. Al'adarsu ta danganta haruffansu ga Sarki Ramkhamhaeng na Sukhothai a 1283, sun kuwa samo asali daga rubutun Kamar na Kambodiya, wanda tushensa Indiya. Baƙaƙensu 44 ne. Wasali yakan zauna gaban baƙi ko bayansa, samansa ko ƙasansa, alamar karin sauti ta hau saman baƙi ko kan wasalin da ke samansa, kuma ba sa barin fili tsakanin kalmomi. Duk wannan wahala ce ga na'ura, amma ba su ce a koma haruffan Turawa ba. A 1986 suka tsayar da ma'auni guda na shigar da haruffansu kwamfuta. Daga baya suka shirya gasar zana haruffa, a 2010 gwamnati ta amince da zubin haruffa 13 na ƙasa, kyauta ga kowa, aka ɗauki TH Sarabun don takardun hukuma.

Mu ma an rage mana hanya. Unicode, kundin da ke ba kowane harafi lambarsa, ya karɓi fa da ƙaf da nun irin na Afirka a 2016. Ƙungiyar SIL ta fitar da zubin Harmattan don ajamin Afirka ta Yamma, da Alkalami, wanda aka zana bisa kaurin hannun littattafan da ake sayarwa a kasuwar Kano. Dukansu kyauta ne. Allon rubutun Gboard yana da Hausa mai ƙugiya.

Saura namu aikin, kuma uku ne. Na farko, malaman zaure da na jami'a su zauna su daidaita yadda za a rubuta kowane sauti na Hausa da Dagbanci da ajami, domin na'ura ba ta iya bin hannu goma. Na biyu, takardun da ke cikin gafaka da akwatunan gidajenmu a ɗauki hotonsu, sannan a buga su harafi-harafi, don hoto ba ya bincikuwa, gara kuwa ba ta jiran kowa. Na uku, masu ɗab'i da makarantun Islamiyya su riƙa amfani da waɗannan zubi a kalanda, katin biki da littafin yara.

Ina kira ga Jami'ar UDS da malaman Tamale su jagoranci wannan aiki, matasanmu masu ilmin kwamfuta su kama musu. Kowa ya fara da wayar da ke aljihunsa, yau ɗin nan.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanarsu. Wassalamu alaikum.