Keken da aka raba bara, yana ina bana?

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan tsaya kan abu guda: kayan taimakon naƙasassu, da abin da ke samun su bayan an watse daga bikin rabo.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya ce mutum miliyar 2 da rabi ne ke buƙatar irin waɗannan kaya, daga tabarau har keken guragu, kuma kusan miliyar 1 ba su samu ba. A wasu ƙasashe matalauta, uku cikin ɗari kawai ke samu. Ƙaranci kam akwai shi. Amma ni abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗan abin da ake kawowa ma ba ya daɗewa.

Ku dubi keken da aka fi rabawa, mai ƙananan tayoyi biyu a gaba. Don daɓen asibiti aka ƙera shi. Ku kai shi lungunan Kara-Kara a Damagaram, ko Kwara Tegi a Yamai, ko unguwannin bayan Maraɗi inda kwalta ba ta kai ba. Taku goma, tayoyin gaba sun nutse cikin rairayi. Mai keken bai isa ya tura kansa ba, sai an cire yaro daga makaranta ya riƙa tura shi. Ran da taya ta tsage, babu irinta a kasuwa. Shi ke nan, keke ya koma bayan ɗaki ana shanya tufafi a kansa.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Mutumin da lakarsa ta taɓu ba ya jin zafi a mazaunansa. In aka ɗora shi kan keken da ba daidai da jikinsa ba, babu matashi mai kyau, gyambo zai ɓulle bai sani ba, kuma wannan gyambon yana kisa. Shi ya sa tun 2008 ƙa'idar Hukumar Lafiya ta ce a fara auna mutum, a daidaita masa keken, a koya masa aiki da shi, sannan a riƙa bibiyarsa. Mu nan, sau da yawa jerin sunaye ne da hoto.

Alhali muna da abin da ke aiki: keke mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, wanda masu waldanmu ke haɗawa. Tayarsa, sarƙarsa, birkinsa, duk na keken hawa ne, kowane mai faci a bakin titi zai gyara shi. Ba na cewa ya wadatar, don ba ya shiga ɗaki, balle makewayi. Amma shi ke kai mutum kasuwa ya dawo da na cefane.

Na'urar ji ma haka. Ɗan batirinta sati ɗaya ne ko biyu, wa ke sayar da shi a unguwa? Yaron da aka yi wa ƙafar roba girma yake yi, ita kuwa tana nan yadda take.

Waya kuma, ga ta a aljihunmu. Wayoyin Android suna da TalkBack, mai karanta wa makaho abin da ke kan allo, kyauta. Masu caji da masu gyaran waya nawa suka san yadda ake kunna shi? Yini ɗaya ya isa a koya musu.

Kuma ba roƙo muke ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, kuma sashe na 20 ya ɗora wa gwamnati sauƙaƙa samun kayan zirga-zirga masu inganci a farashin da talaka zai iya. Saboda haka duk ƙungiyar da ta zo da rabo, mu tambaye ta a gaban mai unguwa: wa ya auna mutanen, kuma ina kuɗin gyara? Hukumomin gari su ware wani abu cikin kasafinsu don horar da masu walda da masu faci, su kansu naƙasassun a gaba, tunda da yawansu masu sana'ar hannu ne.

Kafin nan, kowa ya zaga unguwarsu ya ƙidaya kekunan da suka mutu, ya rubuta abin da ya lalace a kowanne, mu kai wa hukuma takardar.