Ɓarawon Data Na Cikin Gida Ne

Jawabi ga 'yan Magajiya ta Suleja mazauna Kudu

Jama'a, tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin waya na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, data ta zama abin tattali. Ɗan Magajiya mai neman abinci a Agege ko Fatakwal da ita yake jin lafiyar iyali, da ita yake aika kuɗin cefane. Amma sai ya kwana da ita, ya tashi babu.

Kafin a zargi kamfani, a fara bincika gida. Mutum ya latsa *323# da dare ya rubuta abin da ya rage, ya sake dubawa da asuba. In ta ragu, to wata manhaja ce ke aiki a ɓoye.

Waya kuwa ba ta ɓoye ɓarawonta. A cikin saitinta akwai lissafin abin da kowace manhaja ta sha. Galibi za a tarar Play Store na sabunta manhajoji, ko WhatsApp na sauke bidiyon zaurukan hira, ko Google Photos na kwashe hotuna zuwa intanet. A hana su ɗaya bayan ɗaya, ana auna dare da dare, har a kama mai laifin.

In an toshe duka data ba ta daina zurarewa ba, sai a kai kuka ga kamfani. In bai saurara ba, a kira NCC a lamba 622, kyauta ne.

Allah Ya ba da sa'a.