Tayar Da Tarakta Bayan Doguwar Ajiya

Kasuwar Shasha, wadda ke Ƙaramar Hukumar Akinyele a Ibadan, masauki ce ta manyan motocin da ke ɗauko tumatir da albasa da tattasai daga Arewa. Wannan jawabi na duk wani ɗan kasuwar nan ne, ko mazaunin unguwar Sabo, wanda ya zuba ribarsa a tsohuwar tarakta, ko tana aikin haya a gonakin Jihar Oyo, ko tana can gida hannun 'yan'uwa.

Tsofaffin taraktoci, kamar Massey Ferguson 135 da aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, ko Steyr da aka riƙa haɗawa a Bauchi, ba su cika mutuwa don tsufa ba. Zama ne ke kwantar da su. A ƙasar Ibadan ruwa kan sauka tun watan Maris ko Afrilu, kafin na Arewa, saboda haka mai taraktar da ta ƙi tashi a makonnin nan ya rasa hayar huɗar fari, manomin da ke jiransa kuma ya makara da shuka. Gaggawar da wannan ke jawowa ita ce ke mai da ƙaramar matsala babba.

Kada a taɓa makulli tukuna. Da farko a duba baƙin mai da ruwan lagireto. In baƙin mai ya yi fari kamar madara, ruwa ya shige shi, sai a juye. Sa'an nan a juya injin da hannu ko da sufana, zagaye biyu. In ya cije, a dakata nan: wataƙila ruwan sama ya bi ta salansar da aka bari a buɗe ya taru a kan fistin, kuma ruwa ba ya matsuwa, in aka tilasta sai ƙarfe ya lanƙwashe. A leƙa hanyar iska kuma, domin zanzaro kan yi gini a ciki, ɓeraye kuma su ci waya.

Batir mai bolt 12 in ya cika yakan nuna kamar 12.6. Wanda ya kasa 12 ba zai juya injin dizal da ƙarfin da ake bukata ba, domin wannan inji ba shi da fulogi. Matsa iska ne ke haifar da zafin da ke kunna mai. A kankare farin garin da ke kan kawunan batir, a ɗaure su sosai.

In injin yana juyawa bai kama ba, a dubi salansa. Farin hayaƙi na nuna mai yana isowa amma bai ƙone ba. In babu hayaƙi ko kaɗan, mai ne ba ya isowa, kuma nan ne mafi yawan matsalar take. Abin mamaki, sau da yawa sandar kashe inji ce aka bari a jawe tun ranar ajiya.

Tankin da aka ajiye da rabin mai yakan yi gumi daga ciki, musamman a wuri mai laima irin Ibadan. Ruwan ya fi man gas nauyi, sai ya kwanta a ƙasa, ya tara tsatsa da baƙar dauɗa mai yauƙi, kuma shi ne zai fara bin bututu. Wajibi ne a tsiyaye tankin, a wanke kofin gilashin da ke tare dauɗa, a sa sabuwar filta. Tsadar filta ba komai ba ce a kan ta famfon injekta, wanda ruwa kan lalata shi cikin ɗan lokaci.

Bayan haka sai fitar da iska, bi da bi. A sassauta ƙusar da ke kan filta, a yi ta danna hannun ƙaramin famfo har mai ya fito babu kumfa, a ɗaure. A yi haka a jikin famfon injekta. Daga nan a sassauta notin bututun da ke shiga nozul, a juya injin har mai ya tsarto, a ɗaure. Kada a kai hannu wurin, domin man da ke fita da wannan ƙarfi yana huda fata. Kada kuma a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15; a bar sitata ta huce kafin a sake.

Akwai dabarun tasha da ya kamata a guje musu. Tsumma mai fetur a bakin hanyar iska yana iya fasa zoben fistin ko ya tada gobara. Mafi muni shi ne mutum ya tsaya a ƙasa gaban tayar baya yana haɗa sitata da sukuddireba. Kulocin taraktar da ta daɗe a ajiye kan manne saboda tsatsa, in kuwa tana cikin giya, tashinta da tafiyarta ɗaya ne. Direba ya hau kujera, ya cire giya, ya kulle birki, sa'an nan ya tayar.

In ta kama, a bar ta a hankali ana duban alamar baƙin mai. In ba ta nuna ba cikin 'yan daƙiƙoƙi, a kashe. In kuwa an bi duk wannan ta ƙi, sai a kai nozul da famfo wurin mai injin gwada su, kada a kwance su a ƙasa cikin ƙura.