Koyon Aiki Daga Nesa da Makomar Ɗalibin Dutse



An nemi in yi magana a kan wani al'amari da ya fara shigowa cikin harkar ilmi mai zurfi a ƙasar nan, watau ɗalibi ya koyi aiki a wata ma'aikata ko kamfani alhali yana zaune a garinsu, ana aiko masa da aiki ta intanet, yana yi yana mayarwa, ana duba masa ana gyarawa. Zan fara da tarihin koyon aiki a makarantunmu, in nuna inda yake ciwo ga ɗalibin wannan yanki, sa'an nan in kawo hanyoyin da suka buɗe da irin haɗarin da ke cikinsu. A ƙarshe zan ba da shawarwari.

Asalin Koyon Aiki a Makarantunmu

Hausawa sun daɗe da sanin cewa amfanin ilmi aiki da shi. Ɗan maƙeri yakan shekara yana zuga kafin a miƙa masa guduma, haka kuma yaron marina yakan daɗe yana kallon yadda ake haɗa baba da toka kafin a bar shi ya tsoma zane a rijiya. Da ilmin boko ya bunƙasa, sai masu masana'antu suka yi ta kuka cewa waɗanda jami'o'i ke yayewa sun san littafi, amma ba su taɓa riƙe inji ba. Wannan ne ya sa, bayan gwamnatin tarayya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, a 1971, asusun ya ƙirƙiro shirin da aka fi sani da SIWES a 1973. Tsarin shi ne ɗalibin jami'a mai karatun injiniya, kimiyya, aikin gona da makamantansu ya yi kamar wata shida a wurin aiki na gaske, na kwalejin fasaha kuma kamar wata huɗu. Ana ba shi littafi yana rubuta abin da ya yi kowace rana, mai kula da shi a wurin aiki yana sa hannu, malami daga makaranta kuma yana kai ziyara ya gani da idonsa.

An gina wannan tsari ne a zamanin da masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano, da masaƙun Kaduna, ke aiki dare da rana, ɗalibai kuwa ba su da yawa. Yau da yawa daga cikin waɗannan masana'antu sun rufe, ɗalibai kuma sun ninka ninkin ba ninki.

Inda Takalmin Yake Matsi

An ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, aka mai da Dutse babban birninta. Tun daga nan garin ya girma da sakatariya da asibitoci da makarantu. Akwai Kwalejin Fasaha ta Jiha a nan Dutse, an kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, jihar kuma ta kafa tata jami'ar a Kafin Hausa a 2013, wadda a yanzu ke ɗauke da sunan Sule Lamiɗo. To amma Dutse garin ma'aikatan gwamnati ne da manoma da 'yan kasuwa. Manyan kamfanonin da za su iya kwashe ɗaruruwan ɗalibai a kowace shekara suna Kano, Kaduna, Abuja ko Ikko.

Mu ɗauki ɗalibin da ya fito daga Kiyawa ko Gwaram ko Jahun, yana aji uku a sashen kimiyyar kwamfuta. In zai tafi Abuja koyon aiki, sai ya nemi ɗakin kwana, da kuɗin mota kullum, da na abinci, har wata shida, daga aljihun uban da ke jiran ya sayar da riɗi ko gero kafin ya biya kuɗin makaranta. In kuwa ɗalibar mace ce, ko matar aure mai goyo, maganar takan mutu tun a zaure, domin iyaye da mazaje kaɗan ne za su yarda ta yi rabin shekara a garin da ba ta da kowa. Abin da ke biyo baya kowa a ɗakin nan ya san shi. Ɗalibi yakan laɓe a wani ofis inda babu aikin da ya dace da karatunsa, ya yini yana ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan, a ƙarshe a buga masa hatimi a littafi. Takarda ta cika, hannu bai koyi komai ba. Ranar da ya je neman aiki aka tambaye shi abin da ya taɓa yi, a nan asiri ke tonuwa.

Nesa Ba Baƙuwarmu Ba Ce

Wasu za su ce koyo daga nesa baƙon abu ne. Dattawan da ke cikinmu sun fi ni sanin ba haka ba ne. Ma'aikata da yawa na zamanin Jihar Arewa sun ci jarrabawarsu ta hanyar karatu ta gidan waya, suna karɓar darasi daga Wolsey Hall ko Rapid Results College a Ingila, su amsa tambayoyi da fitilar ƙwai, su jira makonni kafin gyara ya dawo. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ta horar da ɗimbin malaman firamare ba tare da sun bar ajinsu ba. Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wadda aka fara a 1983 aka dakatar a 1984, an farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Kafin duk wannan ma, fataken goro sun gudanar da ciniki tsakanin Kano da Gwanja ta hanyar wakilai da wasiƙu da amana. Abin da ya sauya shi ne saurin saƙo. Wasiƙar da take yin wata a hanya, yau tana isa kafin a ɗauke yatsa daga kan waya.

Annobar korona ce ta tilasta wa duniya gwada wannan hanya da gaske. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu a Nijeriya, ofisoshi a ƙasashe da dama suka koma aiki daga gida. Da annobar ta lafa, kamfanoni da yawa sun riga sun gane cewa wasu ayyuka ba sa buƙatar mutum ya zauna a ofis, kuma wannan fahimta ta shafi yadda suke ɗaukar masu koyon aiki.

Ƙofofin da Suka Buɗe

Zan ambaci kaɗan waɗanda aka san su, aka kuma san ƙa'idojinsu. Na farko shi ne Google Summer of Code, wanda aka fara a 2005. Mai nema yana zaɓar ƙungiyar da ke gina manhaja ta kowa da kowa, watau wadda aka buɗe asalin rubutunta ga duk mai son gani ko gyarawa, ya rubuta bayanin aikin da yake son yi. In an ɗauke shi, sai a haɗa shi da jagora, ya yi makonni yana aiki daga gida, a biya shi alawus. Na biyu shi ne Outreachy, wanda ke ɗaukar mutane na wata uku, ya fi kuma mai da hankali ga waɗanda aka bari a baya a fagen fasaha, musamman mata. Alawus ɗinsa ya kai dala 7,000 a shekarun baya-bayan nan, kuma 'yan Nijeriya da dama sun samu shiga. Kafin a zaɓi mutum, sai ya yi makonni yana ba da gudummawa ga aikin ana ganin irin hannunsa. A cikin gida kuma akwai HNG, wanda ake gudanarwa ta intanet mataki mataki, ana tankaɗe waɗanda suka kasa cika aiki a kan lokaci. Sa'an nan a 2023 Ma'aikatar Sadarwa ta tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT, mai burin horar da mutum miliyan 3 a fannonin fasahar zamani, inda ake haɗa darasi ta intanet da haɗuwa a cibiyoyi cikin jihohi.

Kada ɗaliban harshe da tarihi su ɗauka wannan magana ta 'yan kwamfuta ce kaɗai. Tun 2013 Google ya sa Hausa cikin harsunan da manhajarsa ke fassarawa, kuma masu gina na'urorin da ke ji da rubuta harshe suna buƙatar mutanen da suka san ƙa'idar rubutun Hausa, suka iya bambanta ƙ da k, ɗ da d. Ƙungiyar Masakhane ta masu binciken harsunan Afirka, da Wikipedia ta Hausa, da shirin Common Voice na Mozilla mai tattara muryoyi, duk wurare ne da ɗalibin Sashen Hausa zai iya fara aikin sa-kai, sunansa ya fito a kan abin da ya yi. Haka nan akwai lissafin kuɗi, zanen talla, tace bayanai da rubuta rahoto.

Abin da Nesa Ba Ta Iya Bayarwa

Wajibi ne in faɗi iyakar abin. Ba a koyon ɗinkin rauni ta waya. Ɗalibin aikin jinya dole ya tsaya a gefen gadon majinyaci a asibitin Rasheed Shekoni ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Mai karatun aikin gona dole ƙafarsa ta taka laka a fadamar Haɗeja, injiniyan gini kuma ya sha rana a wurin da ake zuba kankare. Ko a fannonin da suka dace ma, akwai ilmin da ake ɗauka ta zama kusa da manya: yadda ake magana a taro, yadda ake karɓar faɗa, yadda ake shawo kan abokin ciniki da ya fusata. Mai aiki daga ɗakinsa yana rasa kaso mai yawa na wannan.

Akwai kuma matsalar kayan aiki. Ana buƙatar kwamfuta, domin waya ba ta wadatarwa. Ana buƙatar wutar lantarki tsayayya da kuɗin data, ga kuma sabis da ke raguwa da zarar an bar bakin titi. Akwai bambancin lokaci: ƙarfe tara na safe a California ƙarfe biyar ko shida na yamma ne a Dutse, don haka taron aiki yakan faɗo daidai da magariba. Akwai Turanci, domin a aikin nesa rubutu shi ne fuskar mutum. Wanda ba zai iya bayyana matsalarsa a sakin layi ɗaya mai ma'ana ba, jagoransa zai gaji da shi.

Mafi muni shi ne 'yan damfara. Ƙa'idar a nan gajera ce: duk wanda ya ce ka biya kuɗi kafin ya ba ka aiki, ko ya nemi lambar sirrin asusunka, ko ya ce ka kawo mutum uku a ƙarƙashinka, ɓarawo ne. Mun ga yadda dubban mutane suka yi asarar dukiyarsu da CBEX ta ruguje a watan Afrilu na 2025. Irin wannan tarko ake ɗana wa ɗalibai da sunan aiki daga gida. Akwai kuma kamfanonin da ke sa yaro aikin cikakken ma'aikaci wata da watanni, ba biya ba koyarwa. Koyon aiki na gaskiya yana da jagora mai suna, da aiki bayyananne, da ranar farawa da ta gamawa a rubuce.

Shawarwari

Ga hukumomin makarantu, ina ba da shawarar su zauna da ITF da Hukumar Kula da Jami'o'i su fitar da ƙa'ida bayyananniya kan yadda za a lissafa koyon aiki daga nesa a fannonin da ya dace. Duba aikin ba zai yi wuya ba, hasali ma aikin da aka yi ta intanet yana barin sawu: ranar da aka aika shi, gyaran da aka yi masa, da sunan wanda ya duba. Wannan ya fi hatimi wuyar ƙirƙira. Na biyu, kowace makaranta ta ware ɗaki ɗaya mai wutar sola da intanet, a bar shi a buɗe lokacin hutu da bayan la'asar, a kuma keɓe wa mata wurinsu. Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage, domin tun farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Saminu Turaki, ta kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa a Kazaure. Abin da ake nema yanzu ya fi wancan araha nesa ba kusa ba.

Ga ma'aikatan gwamnati, ku ma kuna iya zama masu ba da irin wannan dama. A ma'aikatunku akwai tarin fayiloli da bayanan filaye, na makarantu da na asibitocin ƙananan hukumomi 27 da ke jiran a shigar da su kwamfuta. Ɗaliba a Birnin Kudu za ta iya yin wani sashe na wannan aiki daga gidansu, ta zo Dutse sau ɗaya a mako ta gana da mai kula da ita, muddin an kiyaye sirrin bayanan jama'a kamar yadda dokar kare bayanai ta 2023 ta tanada. Dillalan riɗi da zoɓo da dabino a kasuwar Shuwarin su ma suna buƙatar mai tsara musu lissafi da neman masu saye a nesa.

Ga ɗalibai kuwa, kada ku jira sai aji uku. Tun daga ajin farko ku zaɓi abu ɗaya ku ƙware a kansa, ku tara ayyukan da za ku iya nunawa, ko da na sa-kai ne. Ku koyi amsa saƙo a kan lokaci, in aiki ya gagare ku ku faɗa da wuri. Wanda ke can Ikko ko Jamus bai san gidanku ba, bai san wanda ya haife ku ba, ba kuma zai karɓi takarda daga wani babba ba. Alkawarin da kuka cika jiya shi kaɗai zai duba kafin ya ba ku aikin gobe. Ga ɗan talaka wannan alheri ne babba, domin a nan ba a tambayar wa ka sani.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a samu lokacin tambayoyi.  Allah ya sa abin da muka tattauna ya amfane mu da 'ya'yanmu.