Jawabin Kwamitin Sufuri Kan Shasin Tsofaffin Motocinmu

 

Mu 'yan kwamitin sufuri an ba mu minti kaɗan, za mu kashe su a kan shasi, domin har gobe yawancin wakenmu da albasarmu a bayan tsofaffin Mercedes masu gajeren hanci suke tsallaka Jibiya da Illela da Maigatari. An fara ƙera irin motar a Jamus a 1959, daga baya aka riƙa harhaɗa ta a Enugu. Lambar jikinta ma bayani ce: 911 na nufin tan 9 da ƙarfin doki kamar 110, ita kuwa 1113 tan 11 da doki 130. Tan ɗin nan har da nauyin motar kanta, wanda da yawanmu kan manta da shi ranar lodi.

Shasin dogayen ƙarafa biyu ne da aka haɗa da gajeru a gicciye, akasari da ƙusar dauri. Da gangan aka yi shi ya riƙa murɗawa idan mota ta faɗa rami. Leɓen sama da na ƙasa su ke ɗaukar wahalar kaya, saboda haka ba a huda su, ba a gitta musu walda. In huji ya zama dole, a yi shi a faffaɗan gefen ƙarfen. Duk wanda ya bari mai walda ya ɗinke leɓe don a ƙara wa bodi tsawo, to a daidai ɗinkin za ta tsage, kuma ba a gaban gareji take tsagewa ba, sai a daji da kayan mutane. Ƙarin ganyen sifirin da ake yi yana hana bodi zama a kan taya ne kawai, bai ƙara wa shasi komai ba.

Kayan gyara kuma, 911 da 1113 da 1513 inji ɗaya suke, OM352 mai silinda 6, shi ya sa kayan injinsu kan shiga juna. Kada wannan ya ruɗe mu a kan aksul da birki da sifirin, waɗannan suna bin nauyin mota. Injin 1924 daban ne gaba ɗaya. Tsohuwar Bedford awon inci take, Mercedes da Berliet milimita. Noti zai kama zare biyu ya yi kamar ya zauna, sai ya cinye zaren. Masu Berliet su riƙa tambaya da sunan Renault, don ita ta gaji kamfanin.

Sai lambar shasi da aka buga a jikin ƙarfen. Da ita kwastan da duwan suke gwada takardu. Idan faci ya rufe ta, ko aka musanya ƙarfen da na wata mota daga Ƙofar Ruwa ko Panteka, mota za ta kwana a iyaka, albasa kuwa ba ta jira. Muna roƙon kowane mai mota ya kawo wa sakatare lambar shasi da ta inji kafin kaka, mu rubuta wadda kayanta ke shiga wata.